Kiɗan Takarda: Yadda Falle Ya Shiga Sahun Kayan Kiɗa

A ranar 11 ga Yuni, 1960, a birnin Kolon na Jamus ta Yamma, aka fara gabatar da wani kiɗa mai suna Kontakte, wanda Karlheinz Stockhausen ya tsara. Shekara biyu ya yi yana haɗa shi a ɗakin na'urorin sauti na gidan rediyon WDR, yana yanka zaren ɗaukar murya yana liƙawa, har ya sami kiɗan da ya ɗara rabin sa'a kaɗan. Sautin yana fitowa daga lasifikoki ta kusurwa huɗu, ga mai kaɗa fiyano, ga mai kaɗa ganguna da ƙarafa. A wancan zamani babu abin da ake ɗauka ya kai wannan ci gaba a kiɗan Turai. Cikin waɗanda suka saurara akwai wani saurayi baƙar fata daga Amurka, mai shekara 26, Benjamin Patterson, wanda ya zo Kolon da niyyar koyo a wurin Stockhausen. Kafin shekarar ta ƙare ya rubuta nasa kiɗan, kuma kayan kaɗa shi ba su wuce tsofaffin jaridu da kwali da jakunkunan takarda ba.

An haifi Patterson a Pittsburgh a 1934. Ya karanci kiɗa a Jami'ar Michigan ya gama a 1956, kuma abin kaɗawarsa shi ne goge mafi girma a kayan kiɗan Turawa, wanda ake kafa shi a ƙasa a kaɗa shi a tsaye saboda ya kai tsawon mutum. Ƙwarewa ba ta yi masa ƙaranci ba, launin fatarsa ne ya tare masa hanya. Manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka kusan a rufe suke ga baƙaƙe a lokacin. Babbar ƙungiyar New York ma sai a 1962 ta ɗauki baƙar fata na farko a matsayin ɗan ƙungiya na dindindin, wato Sanford Allen. Don haka Patterson ya haura Kanada, ya yi aiki da makaɗan Halifax da na Ottawa, a tsakani kuma ya yi aikin soja cikin ƙungiyar makaɗan rundunar Amurka da ke zaune a Jamus. Mutumin da ya iso Kolon a 1960 ya riga ya san abin da ake nufi da ƙofar da ba ta buɗuwa. Ganawarsa da Stockhausen ba ta yi armashi ba. Amma a cikin garin akwai wata mai zane, Mary Bauermeister, wadda ta mai da ɗakin aikinta wurin taruwar waɗanda babban bikin kiɗa na shekarar bai yi da su ba. A nan ya haɗu da David Tudor da John Cage, suka jawo shi cikin wasanninsu.

Tushen al'amarin

Shigar da ƙarar kayan yau da kullum cikin kiɗa ba a Kolon ta fara ba. A watan Maris na 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta wata doguwar wasiƙa da ta shahara da sunan Fasahar Ƙararraki, inda ya yi hujja da cewa kunnen mutumin birni ya saba da injuna da jiragen ƙasa, saboda haka goge da sarewa sun yi masa kaɗan. Ya kasa ƙararraki gida shida, cikinsu har da ƙarar abin da ke shafar juna da abin da ke ɓarɓashewa. Ya kuma ƙera akwatunan katako masu bakin ƙaho na kwali ko ƙarfe, ana juya musu hannu suna gurnani da kururuwa. Da ya kai su gidan wasa na Dal Verme a Milan cikin Afrilun 1914, taron ya watse da jifa da dambe. Akwatunan nan ba ko ɗaya da ya tsira. Waɗanda ake nunawa yau sake ƙera su aka yi daga hotuna da zane-zane.

Ita takarda ta daɗe tana raɓe da kayan kiɗa, amma a matsayin baranya. Wasu fiyanon Biyana na farkon ƙarni na 19 suna da wani mataki da in an taka shi sai wani tsiri na takarda ko sirirrar fata ya sauka a kan tsirkiyoyi, muryar ta koma mai zuga. Erik Satie na Faransa ya cusa fallayen takarda tsakanin tsirkiyoyin fiyano don wani ɗan wasan kwaikwayo da ya rubuta a 1913. John Cage ya wuce su duka. A 1940 ya cika cikin fiyano da kusoshi da makamantansu don ya sami muryar ganguna da yawa daga hannun mutum ɗaya, kuma a shekarar ya rubuta kiɗan falo na mutum huɗu, wanda ake kaɗawa da abin da aka tarar a ɗaki: mujallu, jaridu, kwali, littattafai, tebur. A ranar 29 ga Agusta, 1952, Tudor ya zauna gaban fiyano a Woodstock ta jihar New York na minti huɗu da daƙiƙa 33 bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba, bisa umarnin Cage, domin jama'a su ji iska da ruwan sama da motsin junansu. Daga wannan rana tambayar ta sauya. Ba a ƙara tsayawa kan wane abu ne ya cancanci a kira shi abin kiɗa ba, sai kan wane sauti ne mai sauraro ya yarda ya ba shi kunnensa.

Falle goma sha biyar

Abin da Patterson ya rubuta a ƙarshen 1960 ya sa masa suna Paper Piece, wato kiɗan takarda, kuma kwafin farko a cikin wasiƙar da ya aika wa iyalinsa ya tafi. Ba shi da alamun kiɗa irin waɗanda ake koyo a makaranta. Bayani ne da kalmomi, wanda duk mai iya karatu zai fahimta. Makaɗa biyar ne. Kowane yana da falle 15 masu girman shafin jarida, iri dabam-dabam: jarida, takarda mai laushi, kwali marar kauri, mai launi da marar launi. Kowane kuma yana da jakar takarda uku. Shugaba zai ba da alama, kowa ya shiga lokacin da ya ga dama cikin rabin minti na farko. Tsawon kiɗan minti goma ne zuwa goma sha biyu da rabi, kuma yana ƙarewa sa'ad da takarda ta ƙare.

Zuciyar rubutun jerin aikatau ce, kowane da bayanin yadda ake yin sa. A kaɗa falle a iska. A riƙe gefe biyu a fizge har ya tsage. A yaga a hankali. A duƙunƙune. A murɗe har ya yi ƙara. A goga falle da falle, ko a goga shi a jiki. A hura jaka, a saki iskar, ko a fasa ta. Ɗalibin Hausa zai lura cewa harshen ba ya rasa abin faɗa a nan, domin yagawa dabam take da kekketawa, duƙunƙunewa dabam da cukuikuyewa, kuma kowace tana da nata amo a kunne. Patterson ya nemi kowane makaɗi ya riga ya tsara jerin abin da zai yi, ya rubuta a jikin kowane falle irin hukuncin da zai hau kansa. Ƙarfin sauti kuwa ya bar wa takardar: mafi sanyinsa shi ne numfashin takarda mai laushi, mafi ƙarfinsa shi ne fashewar jaka, bam.

An fara kaɗa shi a Kolon a 1961. Wanda ya karanta bayanin kawai zai iya ɗaukarsa wasan yara, kuma masu sukar wancan lokaci da yawa haka suka ɗauka. Sai dai in an ajiye shi kusa da Kontakte, nufinsa yakan fito fili. Kiɗan Stockhausen yana buƙatar gidan rediyo na gwamnati, da injiniyoyi, da na'urorin da ɗakuna ƙalilan ne a duniya suke da su, da makaɗa biyu da suka ƙware matuƙa. Na Patterson yana buƙatar kwandon shara. Mutumin da aka hana wa kujera a ƙungiyar makaɗa duk da shekarun da ya yi yana horo, shi ne ya rubuta kiɗan da ba wanda za a yi wa jarrabawa kafin ya kaɗa. Ba lallai ne a mai da dukan aikin martani ga wariyar launi ba, domin shi kansa mutum ne mai son raha, kuma raha ta yi yawa a ayyukansa. Amma wanda ya cire wannan tarihi daga lissafi ya rage wa kansa rabin fahimta.

Akwai wani abu kuma da bai shirya ba. A wasannin da suka biyo baya takardar ta riƙa zubowa daga dandamali zuwa kan kujeru, 'yan kallo suka riƙa ɗauka suna yaga nasu, suna jifan juna da dunƙule, har zauren ya cika da yayi. Patterson bai hana ba. Daga baya ma makaɗan da kansu suke shimfiɗa dogayen fallaye a kan kawunan jama'a, a bar su su ƙarasa. Lissafin falle 15 da minti goma ya bi ruwa, kiɗan ya zama na duk wanda ke cikin ɗakin. Wannan riba ce, amma da hasara a cikinta, kuma ba kasafai ake faɗar hasarar ba: in mutum ɗari uku suna yage-yage suna dariya, ba mai jin sanyin muryar takarda mai laushi, alhali ita ce rabin abin da aka rubuta.

Abin da kunne ke ji

Takarda zaruruwan tsiro ne da aka daka, aka jiƙa, aka baza, suka bushe suna riƙe da juna. Tana lanƙwasuwa cikin sauƙi amma ba ta miƙuwa. In aka matsa ta ta fuska biyu a lokaci guda, ba ta da mafita sai ta karye a layuka da kusurwoyi, kuma duk sa'ad da wani ɗan fili tsakanin layukan ya juye daga wannan gefe zuwa wancan sai ya ba da ƙara guda, gajeriya. Abin da kunne ke ɗauka a matsayin ƙara ɗaya mai tsawo, a gaskiya ɗaruruwan ƙananan fashe-fashe ne a jere. A 1996 masana biyu a Jami'ar Cornell, Paul Houle da James Sethna, suka ɗauki sautin takardar da ake duƙunƙunewa suka auna, suka tarar ƙananan ƙararrakin suna da yawa ƙwarai, manyan kuwa ɗaiɗai ne, bisa wani tsari mai kama da na girgizar ƙasa. Ma'anar wannan ga makaɗi ita ce, yana da iko a kan lokacin farawa da ƙarfin hannu, amma ba shi da iko a kan wace karya ce za ta yi magana a gaba. Wannan rashin tabbas shi ne abin da Cage ya yi shekaru yana nema ta hanyar jefa kwabbai, ga shi takarda tana ba da shi kyauta.

Masu sana'ar takarda sun riga makaɗa sanin haka. Tun da daɗewa sukan kaɗa falle kusa da kunne don su gane ingancinsa, kuma suna da suna na musamman ga wannan amo. Mai canji da ke karkaɗa sabuwar takardar kuɗi yana saurare, shi ma aikin da yake yi ke nan.

Wanda ya fi kowa tsantsar amfani da wannan hali shi ne Takehisa Kosugi, ɗan Japan da aka haifa a Tokyo a 1938, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Ongaku ta masu kiɗan nan-take. A farkon shekarun 1960 ya rubuta Micro 1. Ana naɗe makirufo mai aiki da babban falle, a dunƙule shi tam, sannan a sake shi a koma gefe na minti biyar. Takardar tana warwarewa da kanta, a hankali, tana ƙas, ƙas, lasifika tana ƙara wa kowace ƙara girma har ta zama kamar itace na ci da wuta. Babu hannun kowa a kai. Dunƙulen da ke kan sandar makirufo siffa ce da ido ke kallo tana buɗewa, kuma ita ce makaɗin. A nan ne aka fara rasa inda za a ja layi tsakanin abin kallo da abin kaɗawa.

Wiesbaden, da matar da ta zuba wake

A watan Satumba na 1962 George Maciunas, ɗan asalin Lituweniya da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya shirya wasanni 14 a gidan tarihi na birnin Wiesbaden, tare da taimakon Patterson. Wannan biki shi ake ƙirgawa a matsayin haihuwar ƙungiyar Fluxus. Abin da talabijin ta ɗauka, kuma jama'ar Jamus suka riƙe, shi ne yadda mahalarta suka farfasa wani fiyano da guduma da zarto a cikin wani aiki na Philip Corner. Hoton ya yi wa ƙungiyar suna, ya kuma yi mata illa, domin ya rufe ayyukan da ba su da hayaniya. Cikin waɗanda suke wurin akwai Nam June Paik, da Emmett Williams, da Dick Higgins, da matar Higgins, Alison Knowles, wadda ita kaɗai ce mace cikin waɗanda suka kafa tafiyar.

An haifi Knowles a New York a 1933, ta koyi zane da ɗab'i a makarantar Pratt. Ayyukanta na farko daga ɗakin girki suka fito. A Landan a 1962 ta hau dandamali ta yanka ganyaye ta haɗa kwaɗo ta raba wa jama'a, ƙarar wuƙa a kan katako ita ce kiɗan. A 1963 ta fitar da wani littafi a cikin gwangwani: ƙananan naɗaɗɗun takardu masu bayani a kan wake, tare da busassun ƙwayoyin wake, ta yadda in an girgiza littafin sai ya yi ƙara kamar caki. A 1967 ta gina littafi mai tsawon ƙafa takwas wanda mutum ke shiga cikin shafukansa. Wake da takarda ba su ƙara rabuwa da ita ba.

A farkon shekarun 1980 ta fara aiki da wata mai yin takarda da hannu, Coco Gordon, kuma a nan ne tarihin ya juya. Patterson da Kosugi takardar kasuwa suka ɗauka suka lalata. Knowles ita ta yi tata takardar, ta ba ta siffa tun tana jiƙe. Zaren da ta fi so shi ne na tsiron da ake saƙa yadin lilin da shi, mai kama da rama. In an daɗe ana dukan wannan zare a ruwa, fallen da ya fito yakan tsuke sosai wajen bushewa, ya murɗe, ya yi tauri, haske yana ratsa shi kamar busasshiyar fata, kuma muryarsa tana da kaifi. Daga cikinsa ta ƙera wasu manyan jakunkuna rufaffu, masu tudu da kwari a ciki, ta zuba wake ta liƙe baki. In an ɗaga ɗaya aka juya shi sannu a hankali, waken yana gangarowa ta cikin lunguna, yana ba da amo kamar saukar ruwan sama a kan rufin kwano daga nesa, ko kamar igiyar ruwa tana komawa. Ba biyu da suke da murya ɗaya, domin ba biyu da suka bushe iri ɗaya. An rataye su a bango sun zama abin kallo, an sauke su sun zama abin kiɗa, kuma ba su mutuwa a wasa guda.

A 1983 ta fito da Loose Pages, wato sakakkun shafuka. Littafi ne wanda shafukansa sutura ce: hula, da hannaye, da abin ɗaurawa a ƙafafu, da takalma, duka na takardar lilin. Knowles takan buɗe littafin a gaban jama'a ta tufatar da wata mai wasa shafi bayan shafi, sau da yawa 'yarta Jessica Higgins, sannan mai wasan ta fara motsi. Kowane taku da kowane ɗaga hannu yana da ƙararsa. Jikin mutum ya zama ƙashin bayan littafin, karatun kuwa da kunne ake yin sa. In ana neman wuri guda da za a nuna a ce ga inda siffar takarda ta zama abin kiɗa sosai, ba da aro ba, to wannan ne.

Ko da yake wannan tarihi na Turai da Amurka da Japan ne, akwai wurin da takarda ta shiga kiɗa a Afirka ta Yamma ba tare da wata sanarwa ba. Makaɗan Dagara da Lobi na arewacin Gana da kudancin Burkina Faso suna da abin kiɗa na faifan itace da ake kira gyil, ɗan'uwan balafon, wanda ake rataye wa kowane itace gora a ƙarƙashi. Ana huda gorar a rufe hudar da farin yanar da gizo-gizo ke naɗe ƙwansa da ita, don sautin ya riƙa zuga. Da yanar ta yi wuyar samu, da yawa suka koma liƙa takardar naɗa taba ko wata sirirriyar takarda ko leda. Bambancin a bayyane yake. Can an ɗauko takarda don a tayar da tambaya a kan mene ne kiɗa. Nan an ɗauko ta don kiɗan da ake da shi ya ci gaba da fita yadda kunne ya saba.

Komawa babban zaure

Ƙasar da ta ƙago takarda ba ta shigo labarin ba sai daga baya. Tarihin Sin yana danganta gyara sana'ar ga wani ma'aikacin fada, Cai Lun, a shekara ta 105, kuma a can takarda ba ta tsaya ga rubutu ba: ana liƙa ta a taga, ana yin fitila da laima da mafici da ita, ana ƙona kuɗi da gidaje na takarda don matattu. Tan Dun, wanda aka haifa a lardin Hunan a 1957, ya tashi a ƙauye yana ganin irin waɗannan bukukuwa. A zamanin Juyin Al'adu an tura shi shuka shinkafa na shekara biyu, daga nan ya shiga wata ƙungiyar wasan gargajiya yana kaɗa goge, sannan ya sami shiga babbar makarantar kiɗa ta Beijing da aka sake buɗe ta. A 1986 ya tafi Jami'ar Columbia a New York, inda ya tarar da Cage da almajiransa suna raye suna aiki.

Tan Dun ya kira hanyarsa kiɗan halitta, ya gina ta a kan ruwa da takarda da yumɓu da dutse. Bayan ya ci kyautar Oscar a 2001 saboda kiɗan fim ɗin Crouching Tiger, Hidden Dragon, ƙofofi suka buɗe masa. A 2002 aka nuna wasansa na waƙa mai suna Tea a zauren Suntory na Tokyo, inda dogayen fallaye suke saukowa daga sama ana kaɗa su. A 2003 kuma, shekarar da aka buɗe zauren Walt Disney a Los Angeles, babbar ƙungiyar makaɗan birnin ta gabatar da aikinsa na takarda, wanda aka sani da Paper Concerto. A cikinsa ana girgiza manyan fallaye rataye su yi rugugi kamar tsawa, ana buga su da sanduna kamar ganga, ana hura siraran takardu a leɓe su yi kuka kamar tsuntsu, ana kaɗa bututun kwali da laima da mafici. Su ma masu goge da masu busa akwai inda ake sa su juya shafukan da ke gabansu da ƙarfi, a tare, ƙarar da duk makaɗi aka horar da shi ya ɓoye.

Shekara 43 ke tsakanin wasiƙar Patterson da wannan dare. Ana iya karanta shi a matsayin nasara, tunda takarda ta hau dandamalin da ya fi kowane tsada. Ana kuma iya ganin cewa abin da ya hau ɗin ba shi ne abin da ya fito daga Kolon ba. A hannun Tan Dun komai a rubuce yake, da madugu mai sanda, da ƙwararrun makaɗa, da tikiti. 'Yan kallo suna zaune a inda aka ajiye su, ba mai miƙa musu falle. Kiɗan yana da kyau, kuma ya fi na Fluxus daɗin saurare nesa ba kusa ba. Amma ƙofar da Patterson ya cire daga ƙyaurenta an mai da ita, an dai yi mata sabon fenti.

Gidajen tarihi su ma sun sami tasu matsalar. Paper Piece ba ya barin komai sai shara, don haka abin da ake adanawa shi ne shafin bayanin da hotunan wasa. Jakunkunan waken Knowles kuwa suna nan, sai dai kowane juyi yana cin takardar kaɗan, gumin hannu yana ɓata ta, haske yana sa ta gautsi. Mai adana kaya aikinsa ya hana taɓawa, mai ƙera abin kuwa don a taɓa ta yi shi. Akan sasanta ta hanyar keɓe wasu don hannun jama'a ko na ma'aikata a sa'o'i sanannu, sauran a bar su a bayan gilashi, inda mai ziyara zai ga wake ta cikin fatar takarda bai ji muryarsa ba.

Shi Patterson bai daɗe a fagen ba. Ya koma New York, a tsakiyar shekarun 1960 ya janye daga harkar fasaha don ya ciyar da iyali. Ya yi digiri na biyu a ilimin kula da ɗakin karatu a Columbia, ya yi aiki a babban ɗakin karatu na birnin, ya riƙe muƙami a sashen al'adu na hukumar birnin. Mutumin da ya koya wa jama'a yaga takarda ya koma yana jera ta a kan kanta. Littattafan tarihin Fluxus na lokacin sukan ambace shi a layi ɗaya ko biyu, na tarihin fasahar baƙaƙen Amurka kuwa sukan tsallake shi, domin aikinsa bai yi kama da abin da suke nema ba. Ya dawo fage a 1988, daga baya ya koma Jamus da zama. Sai a 2010 aka yi babban baje kolin ayyukansa na farko a Amurka, a gidan fasahar zamani na Houston, ƙarƙashin kulawar Valerie Cassel Oliver, yana da shekara 76. Ya rasu a watan Yuni na 2016 a Wiesbaden, garin da aka farfasa fiyanon nan.